Yadda za ka horar da kunnenka ya gane tsarin amo a cikin waƙa

Wanda ya tashi a Zangon Kumasi, ko a Aboabo ko Asawase, kunnensa ya sha tsarin waƙa iri-iri tun kafin ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu. Akwai karin ƙasidun da ake rerawa a maulidi da zaman zikiri, akwai kiɗan kalangu na biki da suna, akwai gogen Dagombawa da kologon Farafara da suka gangaro daga arewa, ga kuma hailaif da waƙoƙin cocin Asantawa da ke tashi daga shaguna da motocin haya a kasuwar Kejetia. Kowanne daga cikinsu yana da yadda yake jera amonsa, kuma mai sauraro yakan gane inda mawaƙi ya kauce ko da ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba. Wannan jagora an rubuta ta ne domin mawaƙi da ɗan amshi da sha'iri da mai haɗa kiɗa a situdiyo, waɗanda ke son wannan sanin na kunne ya zama abin da za su iya nunawa, su gyara, su kuma koyar.

Abin da zan gina komai a kansa shi ne cewa kunne yana auna kowane amo ne da wani amo guda da ya ɗauka a matsayin masauki, wato inda waƙa ke komawa ta huta, kuma yawan saurare ne ke koya masa wannan awon. Saboda haka na fara da murya, na bar fiyano zuwa can gaba. Kayan aikin ba su da yawa: muryarka, abokin gwaji guda, wayar da za ta ɗauki sauti, kwalabe biyar iri ɗaya, da duk wani abin kiɗa mai tsirkiya da ka samu, garaya ce ko jita.

Abin da ke isa kunne

Duk amo karkarwa ce. Tsirkiya ko fatar ganga ko maƙogwaro na girgiza iska, kuma gwargwadon saurin girgizar gwargwadon sirantar amon. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ke tsakanin karkarwa 20 zuwa 20,000 a sakan guda, kuma iyakar sama tana raguwa da shekaru. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, inda siririn amo ke motsa bakin shigarsa, mai kauri kuma ya motsa can ƙuryarsa. Georg von Békésy, mutumin Hungari, ya karɓi kyautar Nobel a 1961 saboda bayyana yadda wannan ke gudana. Masu ƙera fiyano da jita sun daidaita a kan amo guda mai karkarwa 440 a sakan, da shi ake saita sauran. Wannan adadi yarjejeniya ce ta masana'anta, kuma mai goge da bai taɓa jin labarinsa ba ba abin da ya ragu a kiɗansa, domin yakan ɗaure izgarsa ne daidai da muryar da zai raka.

Mataki na farko: raba hawa da ƙarfi

Kuskuren da ya fi yawa ga mai koyo shi ne idan aka ce ya hau sai ya ƙara ƙarfin murya, idan aka ce ya sauka sai ya sassauta ta. Bahaushe yana da maganin wannan a bakinsa, domin harshensa na karin sauti ne. Ka faɗi kukan yaro, sannan ka faɗi kukar miya: a na farko gaɓoɓin biyu duk a sama suke, a na biyu gaɓar ƙarshe ta faɗo. Yanzu ka rufe baki ka yi gunjin kalmomin biyu ta hanci, ba tare da ƙara ƙarfi ko ragewa ba. Abin da ya rage yana bambanta su shi ne hawa da sauka zalla, kuma shi ne abin da za mu yi ta bibiya.

Daga nan ka nemi mai kalangu ka lura da hammatarsa. Idan ya matse tsarkiyoyin fatar na ɗamewa, amon ya hau, idan ya saki ya sauka, alhali ƙarfin bugun bai canja ba. Haka lungar Dagombawa take. Wanda ya je Manhyia, fadar sarkin Asantawa, ranar bikin Akwasidae, wadda ke zagayowa duk mako shida ran Lahadi, zai ji tagwayen gangunan atumpan, ɗaya mai kauri da ake kira namiji, ɗaya siririya da ake kira mace, kuma da amon nan biyu kaɗai suke kwaikwayon karin maganar Asantawa.

Gwajin wannan mataki mai sauƙi ne. Abokinka ya juya maka baya ya yi amo biyu a jere, kai kuma ka faɗi ko na biyun ya hau ko ya sauka. Ya fara da tazara mai faɗi, ya riƙa matse ta, kuma da gangan ya riƙa yin na saman a hankali, na ƙasan da ƙarfi, don ya ruɗe ka. Kada wanda ya fāɗi a zaman farko ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kunne. Akwai masu larurar rashin bambance amo tun haihuwa, amma binciken da Isabelle Peretz da abokiyar aikinta suka fitar a Kanada a 2017 ya ƙiyasta su da kusan kashi 1.5 cikin ɗari. Mafi yawan masu kauce wa kari suna ji sarai, maƙogwaronsu ne bai saba bin umarnin kunne ba.

Mataki na biyu: bi siffar karin da hannu

Kafin mutum ya riƙe girman tazarar da ke tsakanin amo da amo, siffar karin yake fara riƙewa, wato nan an hau, nan an tsaya, nan an gangaro. W. Jay Dowling ya nuna haka a gwaje-gwajensa na shekarun 1970: idan aka jiyar da mutane sabon kari, sannan aka sauya masa tazara amma aka bar siffar, da yawa sukan ɗauka shi ne na farkon. Don haka ka zaɓi baiti guda daga waƙar da ka sani, ka saurare shi kana zana shi da hannu a iska, sannan ka zana shi a takarda, ka sa ɗigo a kan kowace gaɓa. Idan ka yi wa waƙoƙi da dama haka za ka ga wasu ɗabi'u suna maimaita kansu. Yawancin motsi gajere ne, daga amo zuwa maƙwabcinsa. Bayan tsalle mai nisa kari yakan juyo baya. A waƙoƙinmu na gargajiya kuma sau da yawa jagora kan ɗauko layi daga sama ya gangaro da shi, kamar yadda jimlar Hausa take sauka a hankali daga farkonta zuwa ƙarshenta.

Mai tsara waƙa ya ƙara abu guda a nan: ya karanta layin da muryar magana, ya zana, ya rera shi, ya sake zanawa, ya gwama zanen biyu. Ba dole ne su dace a ko'ina ba, kuma manyan mawaƙa ma ba sa bin karin magana gaɓa da gaɓa. Amma inda kalma mai ɗauke da ma'anar baitin take sauka a magana, kari kuma ya ja ta sama, nan ne mai sauraro ke cewa bai ji abin da aka faɗa ba.

Mataki na uku: nemo masauki

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma duk wanda ya gaggauta a nan zai sha wuya a sauran. Ka kunna waƙa ka bar ta ta yi kamar rabin minti, ka tsayar da ita a tsakiyar layi, sannan ka yi gunjin amon da zuciyarka ke jiran a sauka a kansa. Kada ka yi dogon tunani. Ka riƙe amon, ka sake kunna waƙar kana ci gaba da gunjinsa a ƙarƙashinta. Idan masaukin ne, za ka ji ya zauna lafiya a mafi yawan layukan, musamman inda 'yan amshi ke rufe gindin waƙa. Idan ba shi ba ne, za ka ji muryarka tana son zamewa zuwa wani wuri, to ka ƙyale ta ta zame, domin galibi can take nufa.

Akwai alamun da kunne ke dogara da su ba tare da mai shi ya sani ba. Amon da aka fi maimaitawa, da wanda aka fi daɗewa a kansa, da wanda ke faɗowa daidai babban bugun ganga, da wanda layuka ke ƙarewa a kansa, su ne ke samun nauyi. A kayan tsirkiya kuwa, amon da tsirkiya ke bayarwa ba tare da an danna ta ba yakan zama ginshiƙi, saboda makaɗi yana yawan komawa kansa. Sai dai a kula, amon ƙarshe na waƙa ba kullum ne masauki ba, domin akwai mawaƙan da ke rufe layi a rataye don amshi ya ƙarasa, kuma akwai kiɗan da ke kai-komo tsakanin ginshiƙai biyu.

Masana sun auna wannan ji da wata dabara da kai ma za ka iya gwadawa a gida. A 1979 Carol Krumhansl da Roger Shepard a Amurka suka riƙa jiyar da mutane ɗan jerin amo, a yi shiru kaɗan, sannan a buga amo guda, a ce su ba shi maki daga 1 zuwa 7 gwargwadon yadda ya dace da abin da ya gabata. Krumhansl ta faɗaɗa aikin tare da Edward Kessler a 1982, aka gwada duka amo 12 da fiyano ke maimaitawa daga ƙasa zuwa sama. Sakamakon ya fito da daraja hawa-hawa: masauki ne kan gaba, sai amo na biyar da na uku idan aka ƙirga daga gare shi a kan tsani, wato jerin amon da waƙa ke takawa daga ƙasa zuwa sama, sai sauran amon tsanin, sannan waɗanda ba sa cikin tsanin a can ƙasa. Abin ya yi kama da zaman fadar Sarkin Zango, inda kowa ke cikin zaure ɗaya amma wurin zaman kowa yana nuna kusancinsa da sarki. A gwajin farkon an kuma lura cewa waɗanda ba su ƙware a kiɗa ba sun fi bayar da maki ga amon da ke kusa da wanda suka ji a ƙarshe, wanda ke nuna cewa jin darajar nan yana ƙaruwa da horo.

Binciken da ya fi shafar mutumin Zango shi ne na 1984, wanda Mary Castellano da Jamshed Bharucha da Krumhansl suka yi da kiɗan arewacin Indiya. Indiyawa da Turawan da ba su san kiɗan ba duk sun fifita masauki da na biyar, domin su ne aka fi daɗewa ana ji a abin da aka kunna musu, amma Indiyawan ne kaɗai suka nuna sanin tsanin da ke ƙarƙashin karin. Ma'ana, baƙon kunne yana iya kama ginshiƙan kiɗan da bai sani ba cikin ɗan lokaci ta hanyar lura da abin da ake yawan maimaitawa, sauran sirrin kuma sai da zama. Wataƙila wannan ne dalilin da ya sa yaron Aboabo ke iya amsa waƙar Indiya da ta Asantawa da ƙasidar Larabci a yini guda.

Ga yadda za ku yi naku gwajin. Abokinka ya rera layi guda na waƙar da kuka sani, ya yi shiru na numfashi ɗaya, ya buga amo guda a jita ko fiyano ba tare da ka ga hannunsa ba, kai kuma ka rubuta maki. Ku bi duka amon a hargitse, ku maimaita layin kafin kowane bugu. Ku yi wa waƙar kalangu, ku yi wa hailaif, sannan ku gwama takardun biyu. Inda suka saɓa, nan ne bambancin tsarin biyu yake.

Mataki na huɗu: ninki da ginshiƙai biyu

Idan maza da mata da yara suka haɗu suna amshi, kowa na jin cewa kari ɗaya ake yi, alhali muryar mata da yara tana sama da ta maza. Abin da ke faruwa shi ne karkarwar tasu ninkin ta mazan ce: idan namiji yana kan 220, mace tana kan 440. Wannan tazara ita masu fiyano ke kira oktaf, kuma ita ce ke sa a ba amon biyu suna ɗaya. Ka ɗauki jita ko garaya ka auna tsawon tsirkiya, ka danna ta daidai rabi, za ka ji ninkin. Ka danna ta yadda kashi biyu cikin uku ne ke karkarwa, za ka sami amo na biyar, wanda a kan 220 yake bayar da 330, wato uku bisa biyu. Ka bar kashi uku cikin huɗu, za ka sami na huɗu. Ka rera kowanne daga masauki ka koma, har sai ka iya kama su ba tare da tsirkiya ba. A wasu kwanakin ka canja masaukin, domin tazarar ake so ka riƙe.

Dalilin da ya sa waɗannan tazarori ke haɗuwa sumul shi ne amon tsirkiya ko murya ba karkarwa ɗaya ba ce. Tare da ta asali akwai ninkinta biyu, da uku, da huɗu, har sama, kuma kunne ne ke dunƙule su ya mayar da su amo guda. Hermann von Helmholtz na Jamus ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa na 1863. Ƙwaƙwalwa har cike giɓi take yi: idan aka ba ta 200 da 300 da 400 sai ta ji 100, ko da babu shi. Layin tarho na da yana wuce abin da ke tsakanin 300 da 3,400 ne kawai, muryar namiji kuwa asalinta na ƙasa da 200, amma ba wanda ya taɓa jin mahaifinsa ya koma siririyar murya a waya. Mai situdiyo ya riƙe wannan, domin mafi yawan masu sauraronsa ta ƙaramar lasifikar waya za su ji aikinsa, ita ma kuma ba ta fitar da amo mai kauri sosai.

Akwai wata alama da za ta taimake ka wajen saiti. Idan amo biyu suka kusa zama ɗaya amma ba su kai ba, za ka ji sautin yana rawa, yana ƙaruwa yana raguwa. Yawan rawar shi ne bambancin da ke tsakaninsu: 440 da 443 suna rawa sau uku a sakan. Ka riƙe amo ɗaya da abokinka, ɗayanku ya riƙa zamewa kaɗan kaɗan, ku saurari rawar tana sauri tana lafawa har ta ɓace.

Mataki na biyar: ƙirga matakan tsanin

Yanzu da ka san masauki da ninkinsa, ka ƙirga amon da waƙar ke takawa a tsakaninsu. Ka rera layin a hankali ƙwarai, duk sabon amo ka tsaya ka jera shi daga ƙasa zuwa sama. A waƙoƙin Hausa na gargajiya da dama za ka sami biyar, haka ma a gyil, kiɗan katako na Dagara da Lobi da Sisala wanda galibi ke da sanduna 14. A waƙoƙin Asantawa kuwa bakwai ne suka fi yawa. J. H. Kwabena Nketia, ɗan Mampong da ya rayu daga 1921 zuwa 2019 kuma ya shugabanci Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, ya yi bayanin irin wannan rabuwa tsakanin al'ummomi a littafinsa na 1974 kan kiɗan Afirka. Wanda ya yi makarantar boko a Gana ya san tsanin bakwai da sunayen do re mi fa so la ti, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, wanda 'yan kwaya na Gana ke karanta waƙa da shi har yau. Amfaninsa a gare mu shi ne do ba ta da wuri tsayayye, duk inda masauki yake nan take.

Don auna tazara, Alexander Ellis ya raba oktaf gida 1,200 a shekarun 1880, ya kira kowane gida sent, saboda haka daga madannin fiyano zuwa maƙwabcinsa sent 100 ne. Tsanin do re mi yana tafiya 200, 200, 100, 200, 200, 200, 100. Baƙaƙen madannai biyar kuwa, idan aka fara daga na farkon jerin uku, suna bayar da 200, 200, 300, 200, 300. Lura da cewa matakan ba su yi daidai da juna ba, kuma wannan rashin daidaiton ne ke nuna wa kunne inda yake a kan tsani. Ka buga baƙaƙen nan biyar kana ɗaukar na farkon jerin uku a matsayin masauki, sannan ka mayar da masaukin kan na ƙarshen jerin biyu. Amon ba su canja ba, amma launin waƙar ya sauya gaba ɗaya.

A nan kwalaben za su yi aiki. Ka zuba musu ruwa har kowace ta yi daidai da amo ɗaya na waƙar da ka ƙirga, da kunnenka kaɗai, ba da na'ura ba. Idan busawa kake yi a bakin kwalba, ƙarin ruwa yana sa amo ya hau, idan kuwa bugu kake yi da cokali, ƙarin ruwa saukar da shi yake yi. Bayan ka gamsu, sai ka gwama su da fiyano.

Mataki na shida: amon da ke tsakanin madannai

Mai yiwuwa ne wata kwalba ta ƙi dacewa da kowane madanni, kuma kada ka yi saurin zubar da ruwanta. Fiyano ta raba oktaf gida 12 daidai wa daida domin a iya kiɗa daga kowane masauki, kuma an biya farashi a kan haka: na biyar ɗinta sent 700 ne maimakon 702 na tsirkiya, na uku kuma 400 maimakon 386. Ellis da kansa, bayan ya auna kayan kiɗan ƙasashe da dama, ya kammala a 1885 cewa tsanin kiɗa ba ɗaya ba ne a duniya. Goge ba shi da shinge a jikinsa irin na wuyan jita, yatsa ne ke neman amo a kan izga, yana kuma zamewa daga wani zuwa wani, ita ma algaita tana irin wannan zamiyar.

Sha'iran Zango sun fi kowa cin karo da wannan, domin karin da suke ɗauka daga Masar da sauran ƙasashen Larabawa yana bin tsarin maƙami, wato nau'o'in tsani da karin kiɗan Larabawa. A maƙamin Rast mataki na uku yana wajen sent 350, tsakanin madannai biyu ke nan. A Bayati mataki na biyu yana wajen 150. Hijaz kuwa ana gane shi da gajeren mataki, sai dogo, sai gajere. Taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932 ya tattauna batun raba oktaf gida 24 daidai, amma mahalarta ba su haɗu a kai ba, domin kowane yanki da yadda yake ɗora waɗannan amo. Tilawar Alƙur'ani tana da hukuncinta na tajwidi da ladubbanta, kuma ba ta cikin abin da ake gwadawa da fiyano. Maganata a kan ƙasida da bege take.

Kunnen da ya saba da fiyano yakan ja duk amon da ya ji zuwa madanni mafi kusa, sai ya ɗauki 350 a matsayin 400 da ya gaza. Maganin shi ne ka riƙe masauki a waya ko a tsirkiya, ka rera na uku mai faɗi, wato na sent 400, ka rera matsattse na sent 300, sannan ka nemi tsakiyarsu ka daɗe a kansa har ya daina yi maka kama da kuskure. Ga mai situdiyo kuma ina da shawara mai ƙarfi. Manhajar Auto-Tune da ta fito a 1997 da ire-irenta suna jan murya zuwa amon da aka lissafa musu, kuma idan aka bar su a kan saitin fiyano da saurin gyara, sukan goge zamiya da amon tsakani, wato ainihin abin da ke sa a gane sha'iri. Ka bar mawaƙi ya fara rerawa ba kiɗa, ka nemo masaukinsa, ka daidaita fiyano da shi, ka shigar wa manhajar amon da waƙar ke takawa kawai, ka kuma rage saurin gyaran. Wasu fiyanonin Yamaha da Korg suna ba da damar sauke madanni guda da sent 50, kuma da wannan ake samun Rast da Bayati.

Mataki na bakwai: murya biyu a lokaci guda

'Yan amshinmu galibi kari ɗaya suke yi tare, ko a ninki. Asantawa kuwa, da zarar ɗaya ya ɗauko waƙa sai wani ya bi shi da murya ta biyu a tazarar mataki na uku, su tafi kafaɗa da kafaɗa, kuma wannan ɗabi'a ta shiga hailaif da waƙar coci. Daɗin da ake ji a irin wannan haɗi ma sabo yana da hannu a cikinsa. A 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa mutanen Tsimane na dajin Bolibiya, waɗanda ba su cika jin kiɗan Turawa ba, ba su fifita haɗin da Turawa ke kira mai daɗi a kan wanda suke kira marar daɗi ba. Saboda haka ɗan amshin da ya kasa riƙe murya ta biyu horo ne ya rasa. Ku fara da ɗaya ya riƙe masauki yayin da ɗayan ke hawa da sauka a tsani, ku yi musaya, sannan ku fara tafiya tare a tazarar na uku a kan layi gajere. Ka toshe kunne ɗaya da yatsa a farko idan muryar abokinka tana janye ka.

Mai fiyano ya yi hattara da haɗin amo uku-uku da ake kira kod. Hailaif ya ginu ne a kan kod na mataki na ɗaya da na huɗu da na biyar, kuma suna da ƙarfin da za su iya ƙwace masauki daga hannun mawaƙi. Idan aka shimfiɗa su ƙarƙashin waƙa mai amo biyar, sukan shigo da amo biyu da waƙar ba ta da su, sai a ji ta koma waƙar coci da kalmomin Hausa. Wanda ke son haka ya yi da saninsa. Wanda ba ya so ya tsaya a kan masauki da na biyar a hannun hagu, ya bar murya da kalangu su yi sauran.

Abu na ƙarshe da ya kamata shugaban amshi ya sa wa ido shi ne zamewar masauki. A dogon zama da ba abin kiɗa mai tsayayyen amo, kamar zikirin dare ko ƙasida mai baitoci da yawa, jama'a sukan hau tare a hankali idan shauƙi ya ƙaru, ko su sauka idan gajiya ta kama su, ba tare da kowa ya lura ba, tunda tazarar da ke tsakanin amon ba ta canja ba. Ka ɗauki zaman a waya, ka saurari baitin farko, ka tsallaka kai tsaye zuwa na ƙarshe, ka auna bambancin da tsirkiya ko fiyano. Idan hawan ya kai inda amon sama ke shaƙe masu muryar kauri, sai a riƙa farawa daga ƙasa da inda aka saba, kuma jagora ya yi gunjin masaukin a hankali ga na kusa da shi kafin ya ɗauko kowane sabon babi.